Shaoli Mitra: marubuciya ce, ko gadon gida kawai ta ci?

Bakatsine_77
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da magana kan Shaoli Mitra, 'yar wasan dandamalin nan ta Kolkata da ta rasu ranar 16 ga Janairun 2022. Duk inda aka ambace ta sai a ce 'yar wasa ce kuma marubuciyar wasan kwaikwayo. Na farkon ba gardama. Na biyun ne bai shige ni ba. Wasan da ya fito da sunanta, Nathabati Anathabat na 1983, labarin gimbiya Draupadi ne daga Mahabharata, doguwar waƙar almarar Indiya, labarin da aka fi shekara dubu ana bayarwa. Yadda ta kalli labarin kuma daga littafin Irawati Karve ta ɗauko. Ubanta Sombhu Mitra, uwarta Tripti Mitra, su ne manyan dandamalin Bangal a zamaninsu. To ina nata a ciki? Wanda ya tarar da tuwo a tuƙe ya zuba miya, shi ya yi girki?

Hajiya_Labule
Wa alaikumus salam. Malam Bakatsine, kwatancen tuwon nan bai zauna ba. Ba tuwo ta tarar ba, rumbu ta tarar cike da hatsin da ko sussuka ba a yi masa ba. Mahabharata kashi 18 ne, baiti wajen dubu ɗari. Draupadi tana fitowa nan, ta ɓace, maza su yi ta yaƙi da wa'azi, can kuma ta sake ɓullowa. Mai son mayar da wannan wasan dare ɗaya dole ya zaɓi fagen da zai ɗauka, da wanda zai zubar, da bakin da zai ba labarin. Na ƙarshen nan shi ne aikin Shaoli. Ba a matsayin Draupadi ta fito ba. Ta fito ne a matsayin mai ba da labari, macen karkara wadda ta kira kathak-thakrun, ita ce ke shiga rigar Draupadi ta fita, ta shiga ta Bhima ta fita, ta juyo ta jefa wa 'yan kallo tambaya.

Littafin Karve kuwa, Yuganta, sharhi ne na masaniyar al'umma, da harshen Marathi aka fara rubuta shi. Babu fage a ciki, babu waƙa, babu amshi. Ko ka so ba za ka iya ɗora shi a dandamali yadda yake ba.

MalamNahawu
Bari in sa baki kan sunan wasan, don rabin hujjar tana cikinsa. Nath shi ne majiɓinci, ubangida, kuma shi ne miji. Nathabati, mace mai majiɓinci. Anathabat, tamkar wadda ba ta da kowa. Wato mai maza amma kamar marainiya. Mutanen Bangal suna mayar da v ta Sanskrit b, suna kuma karkata a zuwa o, don haka a bakinsu za ka ji kamar Nathoboti Onathobot.

Masu neman bayani a intanet su lura, ana rubuta sunanta Saoli, Shaoli, har Shaonli, duk mutum ɗaya ce. Harafin farko sh ake furta shi, kuma akwai alamar hanci a kansa da suke kira chandrabindu, ita ce wasu ke nunawa da n. Haka ma uban, Sombhu ko Shambhu.

'YarZinder
Ku yi haƙuri da ni, mai "maza" kuka ce? Su nawa?

Kundi_Tsoho
Biyar, 'yar'uwa, kuma 'yan'uwan juna ne: Yudhishthira, Bhima, Arjuna, Nakula da Sahadeva, su ake kira Pandava. Arjuna ne ya ci gasar harbin baka da aka shirya don aurenta. Da suka iso gida da ita suka ce wa uwarsu Kunti ga abin da suka samo, ita kuma ko waiwaye ba ta yi ba ta ce su raba tsakaninsu. Maganar uwa ba ta faɗuwa ƙasa, sai aka ɗaura da su biyar, shekara guda guda a ɗakin kowa. A cikin littafin ma abin mamaki ne, mahaifinta Drupada sai da ya yi gardama kafin ya yarda.

Inda wasan ya fi tsayawa shi ne fagen caca. Yudhishthira ya zauna da Shakuni, wanda ke jefa ƙwayar caca a madadin Duryodhana, ɗan baffansu kuma abokin gabarsu. Ya sa dukiya ya rasa, ya sa mulki, ya sa ƙannensa ɗaya bayan ɗaya, ya sa kansa, a ƙarshe ya sa matar. Duhshasana, ƙanin Duryodhana, ya jawo ta da gashi zuwa tsakiyar fada, tana cikin al'ada, da zane ɗaya a jikinta. Sai ta yi tambayar da ta tsayar da fadar: mutumin da ya riga ya rasa kansa ya zama bawa, da wane iko ya sa ni a caca? Bhishma, dattijon gidan, ya ce shari'a abu ne mai siriri, ya kasa amsawa. Vikarna, wani ƙanin Duryodhana, ya goya mata baya, Karna aminin Duryodhana ya ci mutuncinta. Mazan nan biyar suna zaune, Bhima ne ya yi rantsuwar ramuwa.

Bayan nan sai gudun hijira na shekara 12 a daji da ta 13 a ɓoye a fadar Virata, inda Kichaka ya neme ta da lalata Bhima ya kashe shi. Sai yaƙin kwana 18 a Kurukshetra tsakaninsu da su Duryodhana, sai Ashwatthama na ɓangaren Duryodhana ya kashe 'ya'yanta biyar da dare suna barci.

Hajiya_Labule
Ka bar mafi ciwon, Malam Kundi. A tafiyar ƙarshe zuwa Himalaya ita ta fara faɗuwa, Yudhishthira bai tsaya ba, ya ce wai don ta fi son Arjuna ne. A nan Karve ta kawo nata tunanin, cewa Bhima ne ya so ta da gaske tun farko, kuma sai a bakin mutuwa ta gane. Wannan kam Shaoli ta bi Karve, ba ta kuma ɓoye ba. Na ba Bakatsine wannan.

Bakatsine_77
To madalla, an fara zuwa wurin. Ƙarshen wasan, wanda ke sa mutane hawaye, na Karve ne. Tsakiyarsa na Vyasa ne, wanda ake jingina wa Mahabharata.

Dan_Dandamali
In haka ne Sofokilis na tsohuwar Girka ma ba marubuci ba ne, tunda duk mutanen Atina sun san labarin Odifus kafin ya taɓa shi. Girish Chandra Ghosh, wanda ake kira uban dandamalin Bangal, wasanninsa da yawa daga Ramayana da Mahabharata ya yanko su. Ba wanda ya taɓa hana shi sunan.

Mai_Fitila
Ni ta ɓangaren aiki zan shigo, don rubutun wasan mutum ɗaya ba kamar sauran ba ne, kuma wanda bai san matsalolinsa ba zai ɗauka karatun labari ne kawai.

Matsala ta farko ido. A fagen cacar nan akwai aƙalla mutum takwas masu magana, jiki ɗaya ne a dandamali. Dabarar ita ce a kafa wa kowa gurbi a iska. A ce Bhishma yana dama can sama saboda yana kan kujera, Duryodhana hagu, mazan biyar a ƙasa gaba. Duk lokacin da Draupadi za ta yi wa Bhishma magana, ido ya koma daidai wannan gurbin. In 'yar wasa ta manta sau ɗaya ta kalle shi a hagu, 'yan kallo sun ɓata, kuma sai an ɗauki mintuna kafin su dawo hanya.

Ta biyu sauya mutum. Ana yi da murya, da inda nauyin jiki yake, da abu ɗaya na hannu kamar gefen zane. Bhima nauyinsa a ƙafafu a buɗe, Shakuni a kafaɗa a karkace, Draupadi a wuya a miƙe. Sauyin kan numfashi yake faruwa: a gama jimlar wannan, a ja iska, a fito da na gaba a cikin iskar. In aka sauya a tsakiyar numfashi muryoyin biyu sai su cakuɗe. Shi ya sa marubucin irin wannan wasa ba ya ba mutum biyu gajerun jimloli suna musayar kalma ɗaya ɗaya na dogon lokaci, 'yar wasa za ta koma kamar mai kallon ƙwallon tebur, kai na juyawa hagu da dama, mutane su fashe da dariya a inda ake son kuka. Sai a sako mai ba da labari a tsakani ta ce wane ya ce kaza. Kun ga ashe matar nan kathak-thakrun ba ado ba ce, ita ce ƙusar da ta riƙe ginin.

Ta uku haske. Kuskuren sababbin masu fitila shi ne canza launi duk lokacin da aka canza mutum. Minti goma ido ya gaji. Haske na bin wuri da lokaci ne, fada, daji, dare, dutsen ƙanƙara. Mutum kuwa jiki ne ke nuna shi.

Gwanin_Sauti
Mai_Fitila ya yi bayani, saura kunne. Ba ita kaɗai ce tilo a dandamalin ba, akwai 'yan amshi da makaɗa. Wannan daga jatra aka gado shi, wasan fili na karkarar Bangal, inda mawaƙan da ake kira juri ke karɓe waƙa daga bakin ɗan wasa. Amfaninsu a wasan mutum ɗaya ya wuce daɗin sauraro. Su ne hutun maƙogwaro. Mace ba za ta yi ihun Draupadi ta shiga gurnanin Bhima ta zarce haka har ƙarshe ba, dole a rubuta mata wuraren da za ta haɗiye yawu, kuma amshi ne ke rufe wurin. Su ne kuma ke tsallake lokaci, baiti kaɗan sun isa a wuce shekara 12 na daji.

Abin da ke lalacewa: mai harmoniya ya ɗauki sauti sama da inda muryar 'yar wasa take bayan ta yi awa guda tana magana. A wurin gwaji da sanyin murya komai daidai, a daren wasa sai ta kasa kaiwa. Ana saita sautin ne da gajiyayyiyar murya. Sai mai ganga, musamman khol mai ƙarar tsini, ya buga a kan baƙaƙen kalma ya cinye su. Bugun ya faɗa tsakanin jimloli. Sai kuma makirufo a manne da baki, yana daidaita raɗa da tsawa su zama tsayi ɗaya, alhali duk wasan a kan wannan bambancin ya dogara.

Asalin tsarin kuwa kathakata ne. Mai ba da labari, galibi namiji kuma Brahmin, wato ɗan gidan malaman addinin Hindu, yana zama a kan dakali da littafi a gabansa, ya karanta, ya fassara da harshen gida, ya rera, ya kwaikwayi muryoyi, ya sako barkwanci. Shaoli ta ɗauki kujerar namiji ta ɗora mace a kai, ta kuma sa ta tuhumi jaruman da aka saba yabo. Wannan ba ya cikin Karve, ba ya cikin Vyasa.

Uwar_Tatsuniya
Akwai mai irin wannan a wani gefen Indiya, Teejan Bai ta Chhattisgarh, mai Pandavani. Ita a tsaye take yi, salon da a da na maza ne, kuma tamburarta ce ke zama kulkin Bhima ko bakan Arjuna. Bambancin, Teejan Bai daga cikin al'adar ta taso, a kunne ta koya. Shaoli 'yar birni ce da ta ari siffar ta zauna ta rubuta mata kalmomi don zauren da ake shiga da tikiti.

Bakatsine_77
Na ji batun gini, na kuma karɓi rabinsa. Saura gado. Da 'yar wani malamin makaranta ce daga Bankura, da wa zai ba ta zaure?

Dan_Dandamali
Gadon kam akwai shi, ba mai musu. A 1943 aka yi yunwar Bangal. A 1944 ƙungiyar wasan kwaikwayo ta IPTA, ta masu ra'ayin gurguzu, ta yi wasan Nabanna na Bijon Bhattacharya kan wannan yunwa, Sombhu Mitra na cikin masu ba da umarni, Tripti na cikin 'yan wasa. Daga baya suka fita suka kafa ƙungiyarsu, Bohurupee, a 1948, shekarar da aka haifi Shaoli. Wato ita da ƙungiyar tagwaye ne. Tana tasowa ana yin Char Adhyay, ana yin Raktakarabi na Tagore, babban marubucin Bangal, a 1954, wanda a da ake cewa na karatu ne ba ya hawa dandamali, Tripti ta fito a Nandini, Khaled Choudhury ya tsara dandamali, Tapas Sen ya yi haske. Sai Putul Khela a 1958, wato wasan Ibsen na ƙasar Norway da aka mayar gidan Bangal, sai Raja Oedipus a 1964. Tana yarinya ta fito a Amal, yaron nan marar lafiya na Dakghar. Da ta girma ta yi Pagla Ghora na Badal Sircar, ta kuma fito a wasan Galileo na Brecht wanda Fritz Bennewitz na Jamus ta Gabas ya ba da umarni, ubanta ne Galileo.

Amma lura da abu ɗaya. Nathabati Anathabat ba a ƙarƙashin Bohurupee ya fito ba. Tata ƙungiyar ta kafa, Pancham Vaidic. Kuma Bohurupee ta yi suna ne da taron 'yan wasa da yawa da Tagore da marubutan Turai. Ita sai ta juya ta koma wurin mai ba da labarin ƙauye. Abin da ta gada daga uban shi ne furuci, don Sombhu Mitra ya shahara da murya da karatun waƙe. Daga uwar kuma, Tripti ta riga ta yin wasan mutum ɗaya, Aparajita.

Sarkin_Gardama
To ai ka ba Bakatsine makami da hannunka. Har wasan mutum ɗayan ma a gida ta gani.

Dan_Dandamali
Ta gani. Sai dai Aparajita wani ne ya rubuta wa Tripti, Nitish Sen. Shaoli ita ta rubuta, ita ta ba da umarni, ita ta fito.

Kanawa_Sinima
Ni dai a fim na san fuskar. Ba ta yi wani na Bombay ba ne?

Kundi_Tsoho
Ba Bombay ba, ɗan'uwa. Fim ɗin da aka san ta da shi na harshen Bangla ne, Jukti Takko Aar Gappo na Ritwik Ghatak, an yi shi a 1974 amma sai 1977 ya fita, bayan rasuwar Ghatak a Fabrairun 1976. Ita ce Bangabala, yarinyar da ta gudo daga Gabashin Bangal lokacin yaƙin 1971 wanda ya haifar da Bangaladash. Sunan kansa na nufin 'yar Bangal. Uwarta Tripti ma tana ciki, ita ce matar Nilkantha, mashayin da Ghatak ya fito da kansa. Mu nan finafinan Hindi muka tashi da su, shi ya sa in an ce Indiya sai hankali ya tafi Bombay. Kolkata duniya ce daban da harshenta.

'YarZinder
Dakghar ɗin da aka ambata, shi ne wanda aka yi a Warso?

MalamNahawu
Shi ne. Janusz Korczak ya sa marayun gidansa suka yi shi a unguwar da 'yan Nazi suka killace Yahudawa, a Yulin 1942, makonni kaɗan kafin a kwashe su zuwa sansanin kisa na Treblinka. Labarin yaro ne da likita ya hana fita, yana zaune bakin taga yana jiran wasiƙar sarki.

Hajiya_Labule
Tunda an taɓo wa zai ba ta zaure, a koma baya a ga yadda mata suka shiga dandamalin nan tun farko, don a nan za a gane nauyin kalmar marubuciya. Kafin 1873 galibi maza ke fitowa a mata a gidajen wasa na Kolkata. A Agustan wannan shekara Bengal Theatre ya ɗauki mata huɗu, Golap, Elokeshi, Jagattarini da Shyama, don Sharmistha na Michael Madhusudan Dutt. Daga unguwar karuwai aka ɗauko su, don 'ya'yan manyan gida ba sa hawa. Aka yi ta surutu a jaridu. Golap ɗin nan ta yi aure ta koma Sukumari Dutta, kuma a 1875 aka yi wasa da sunanta a matsayin marubuciya, Apurba Sati. Tun lokacin ake ta cewa wai namiji ne ya taya ta. Tambayar Bakatsine ta haura shekara ɗari, kayan jikinta kawai take canzawa.

Bakatsine_77
Haba Hajiya, ban ce namiji ya rubuta mata ba. Karve ma ai mace ce.

Hajiya_Labule
Gaskiyarka, ranka ya daɗe, na janye wannan gefen.

Uwar_Tatsuniya
Kada a wuce Binodini Dasi. Ta hau dandamali a 1874 tana ƙaramar yarinya, Girish Ghosh ya horar da ita. A 1883 wani matashin attajiri, Gurmukh Rai, ya yarda zai gina gidan wasa in za ta zauna da shi. Ta yarda saboda ƙungiyar, bisa alkawarin za a sa wa gidan sunanta, B. Theatre. Da aka je rajista abokan aikinta suka sa Star, wai mutanen kirki ba za su shiga gida mai sunan irinta ba. A 1884 ta fito a matsayin Chaitanya, waliyyin Hindu, har Ramakrishna, babban malamin Hindu na lokacin, ya zo kallo ya sa mata albarka. Ba ta kai shekara 25 ba ta bar dandamali. Ta rubuta tarihin rayuwarta, Amar Katha, ta rasu a 1941. Sai a ƙarshen 2024 gwamnatin jihar Bangal ta Yamma ta ba da sanarwar mayar da sunan gidan wasan Star na unguwar Hatibagan zuwa nata.

Sarkin_Gardama
Gwamnatin jihar, wato Mamata Banerjee, shugabarta a lokacin. To ga inda ni nake da ja da Shaoli, ba wurin rubutu ba. Wadda ta yi suna da tuhumar fada ta ƙare a fada.

Dan_Dandamali
A faɗi yadda abin ya faru tukuna. Gamayyar 'yan gurguzu ta mulki Bangal ta Yamma daga 1977 zuwa 2011, shekara 34, kuma mafi yawan masu wasan ƙungiya nasu ne a zuciya. A 2006 gwamnatin Buddhadeb Bhattacharjee ta karɓi gonaki kusan eka dubu a Singur don masana'antar motar Tata Nano. A Nandigram kuma aka so karɓar fili don masana'antun sinadarai, ranar 14 ga Maris 2007 'yan sanda suka buɗe wuta, mutum 14 suka mutu. Shaoli na cikin masu fasahar da suka fito fili suka juya wa gwamnati baya, tare da irin su marubuciya Mahasweta Devi. A lokacin wannan ba hanyar samu ba ce, hanyar rasa abokai ce da rasa gayyata. Tata ta kwashe ta koma Sanand a Gujarat a 2008, Kotun Ƙoli ta soke karɓar filin Singur a 2016.

Sarkin_Gardama
Sannan Mamata ta hau a 2011, sannan aka ba Shaoli lambar yabon jiha ta Banga Bibhushan a 2012 da shugabancin Bangla Akademi, hukumar harshen Bangla ta jihar. Arpita Ghosh ta ƙungiyarta kuma ta zama 'yar majalisar tarayya daga Balurghat a 2014 a jam'iyyar Mamata. Ni lissafi kawai nake yi.

Kundi_Tsoho
Lissafin ya cika to. Ananda Puraskar a 1991, kuma kyautar adabi ce, a kan rubutun Nathabati Anathabat aka ba ta. Kyautar Sangeet Natak Akademi, hukumar kiɗa da wasa ta ƙasa, a 2003. Lambar yabon ƙasa ta Padma Shri a 2009. Duk kafin Mamata ta hau kujerar jiha. Bakatsine ya riƙe ta farkon, don masu ba da ita littafi suke karantawa.

Mai_Fitila
Batun rasa gayyata da Dan_Dandamali ya ambata ba ƙaramin abu ba ne, sai an san yadda wasan ƙungiya ke ci da kansa. 'Yan wasa galibi suna da aikin rana, banki ko makaranta ko ofis, da yamma ake gwaji. Ƙungiya na neman rana a zaure kamar Academy of Fine Arts, Rabindra Sadan, Sisir Mancha, Madhusudan Mancha ko Girish Mancha. Ta biya haya, ta biya masu fitila da masu kwalliya, motar kaya, tallar jarida. Tikiti ba kasafai yake rufe wannan ba ko zaure ya cika. Ribar tana wurin wasan gayyata, inda kulob ko kwaleji ko ƙungiyar ma'aikata a wani gari za su biya kuɗi dunƙule. Zaurukan nan da dama na gwamnati ne, masu gayyata da yawa kuma suna da jam'iyya. Ka ɓata da masu mulki, ranakunka su ragu.

A nan wasan mutum ɗaya yake da sauƙi da haɗari. Kayansa kaɗan ne, ya shiga jirgin ƙasa ya je ko'ina. Amma babu madadi. Mura ta kama mutum ɗaya, an mayar wa kowa kuɗin tikitinsa.

Gwanin_Sauti
Wannan ya kawo mu ga gwajin da ni nake ganin shi ne na gaskiya. Rubutaccen wasa shi ne wanda wata za ta ɗauka ta yi ba tare da mai shi ba. An buga shi littafi, Rita Datta ta fassara shi zuwa Ingilishi, aka buga fassarar tare da ta wasanta na biyu kan Mahabharata, Katha Amritasaman. Amma an ɗinka shi ne daidai numfashin mace ɗaya. Wadda ba ta iya waƙa da magana da rawa lokaci guda ba, ba za ta ɗauke shi ba.

MalamNahawu
Sunan na biyun ma aro ne da gangan. Kashiram Das, wanda ya mayar da Mahabharata waƙar Bangla a ƙarni na 17, yana yawan rufe babi da cewa labarin Mahabharata daidai yake da amrita, ruwan rai. Kowane ɗan Bangal ya san layin. Ita kuma ta ɗora shi a kan wasan da ke maganar mulki da yaƙi da gawawwaki. Mai karatun Bangla tun daga sunan zai ji zolayar.

Uwar_Tatsuniya
A shekarun nan Draupadi ta sha fitowa daga hannun mata. Mahasweta Devi ta yi gajeren labari a ƙarshen shekarun 1970 inda ta mayar da ita Dopdi, 'yar ƙabilar Santal da jami'an tsaro suka kama. Pratibha Ray ta yi Yajnaseni da harshen Odia. Kowacce da inda ta kama labarin, kuma ba a ce wa ɗayansu mai zuba miya ba.

Bakatsine_77
Na sauko daga kan tuwo. Amma ina nan kan cewa da za a auna, 'yar wasan ta fi marubuciyar nauyi nesa ba kusa ba. Maganar Gwanin_Sauti ce ma ta ƙara min ƙarfi: rigar da mutum ɗaya kaɗai ke iya sawa.

Hajiya_Labule
Ko kuma telan ne ya san jikin da yake ɗinka wa. Ba za mu daidaita a nan ba.

'YarZinder
Wani ya ce ko jana'izarta ba a sanar ba. Haka ne?

Kundi_Tsoho
Haka ne, kuma shi ma a gida ta gani. Da Sombhu Mitra ya rasu a Mayun 1997, wasiyyarsa ita ce kada a ajiye gawarsa a Rabindra Sadan mutane su yi layi, yadda ake yi wa manyan masu fasaha a Kolkata. Sai da aka ƙone gawar aka sanar. Shaoli ta bar irin wannan takarda, ba taro, ba tulin furanni. Ta rasu a gidanta da ke Behala da rana, aka kai ta maƙonar Siriti da mutane ƙalilan, labari bai fita ba sai da dare bayan an gama.

Sarkin_Gardama
Bakatsine zai ce wannan ma aro ne.

Bakatsine_77
A'a, wannan na bar mata. Gwanin_Sauti, batun saita harmoniya da gajiyayyiyar murya, rabin sauti ake saukewa ko cikakke?

Gwanin_Sauti
A fara da rabi. A yi gwajin wasan tun daga farko ba tsayawa, in an iso waƙar ƙarshe a ji inda muryar ta zauna da kanta, a nan mai harmoniya zai sa alama.